Haruffa Uku da Rabi

Sau uku ke nan Alu yana ɗora farin ƙyallen a kan keken surfani yana saukewa. Ya tashi ya leƙa titin Wadata daga ƙofar shagonsa, ya dawo ya zauna, ya ce wai zaren ne bai yi masa ba. Zare lafiyarsa lau. Zuciyar tela ce ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ƙyallen na Inna Mariyam ne, maƙwabciyarsa a unguwar Talladjé, tsohuwar ungozoma 'yar Dogon Dutsi, Kirista tun tana budurwa. 'Ya'yan Alu huɗu a hannunta suka faɗo duniya. Da likita ya sallamo ta ya ce a je gida a yi ta addu'a, sai ta aika aka kira shi.

"Alu, wannan za a lulluɓa wa akwatin gawata. Ka rubuta mini: Yesu Ubangijin kowa."

Ya ce to, don bakinsa bai saba ce mata a'a ba. Sai da ya fita ya ji nauyin abin da ya ɗauka.

Maganar ba baƙuwa ba ce a unguwa. In soja suka karɓi mulki, Inna takan ce, "Akwai Wanda ke bisansu." Shekarar da aka ƙone majami'arsu ma haka ta ce, tana share toka. Liman, fasto, boka, mai bindiga, duk a wajenta 'yan haya ne a gida ɗaya. Alu yakan yi dariya ya wuce. Amma ji da kunne daban, rubutawa da hannunka daban. Shi Musulmi ne, kuma "kowa" ɗin nan har da shi a ciki.

Kwana biyar yana kai da kawo. Ya nufi gidan liman, ya juyo daga ƙofa. Ya ce zai ba wani tela, kunya ta hana shi. A rana ta shida Balkisa, 'yar Inna, ta buga masa waya ta ce jikin ya yi tsanani. Ya zauna ya taka keke, ya naɗe ƙyallen, ya hau moto, babur ɗinsa, ya nufi gidanta.

Ya tarar da ita a jingine da filo, ta rame sai idanu. Ta warware ƙyallen a cinyarta. Shuɗin zare, aiki tsaf: Ubangijin kowa. Gabansa kuma fili fari, faɗin tafin hannu.

"Inna, ki gafarce ni," ya ce, kansa a ƙasa. "Wannan na yarda da shi, na rubuta. Sunan ne hannuna ya ƙi."

Ya jira faɗa. Sai ya ji tana dariya, tari na katse ta.

"Kai dai tela ne na gaske. Ba ka sa Shi ba, amma ka auna ka bar Masa wuri. Balkisa, miƙo mini allura."

"Inna, hannunki na rawa."

"Da wannan hannun na yanke cibiyar rabin Talladjé. Miƙo."

Kwana biyu tana fama, ta yi ɗinki biyar ta huta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ranar Alhamis da hantsi Alu ya ji kuka ta bayan katanga. Ya shiga ba ko sallama.

Ƙyallen na nan a gefen gado. Haruffa uku ta gama, karkatattu kamar rubutun ɗan firamare, na huɗun ya tsaya a rabi. Allura na reto, kuma ɗinkin ƙarshe ya fara zarewa.

"Baba Alu," Balkisa ta ce cikin kuka, "ban iya ɗinki ba. In aka ɗaga shi haka, duka zai warware."

Tausayi ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya durƙusa, ya ɗauki allurar. Bai ƙara ɗinki ko ɗaya ba. Ya ja zaren a hankali har ɗinkin Inna ya koma mazauninsa, ya juya ƙyallen, ya ƙulle ta baya sau biyu, ya yanke da haƙori.

Da aka fito da akwatin, iska ta riƙa ɗaga gefen ƙyallen. Alu na tafe a gefe, ya danne shi da tafin hannu har bakin mota.