Bijimin da Muzammilu Ya Kora

Akwai hali ɗaya da ya fi rowa muni, shi ne mutum ya ji kunyar abin gidansu a gaban baƙo. Wannan halin ne ya ci Muzammilu, ya haɗa da garinsu duka.

Garin yana bakin kogin Kwara, gaba da Illo kaɗan, gonakin shinkafarsu kuwa suna ƙetare. Kwale-kwale ɗaya gare su, ya tsufa. Kakar bara ya kife da mata huɗu, biyu ba a gan su ba har yau. Sai ƙungiyar gari ta yanke a yi gidauniya a sayi jirgi mai inji, aka ɗora wa Muzammilu shirin, don shi ne sakatare, kuma ya taɓa zama a Birnin Kebbi ya ga yadda ake taron manya.

Ya hau babur ya ƙetara iyaka wurin Alhaji Saifuddeen, dillalin shinkafar da ya yi arziki a ƙasar Benin. Alhaji ya saurare shi, sannan ya ce, "Ku tara naku. Duk abin da kunka aza gabana ran taro, ni ko in aza kwatankwacinsa. Sharaɗina guda, a rubuta sunan shagona ga jikin jirgin."

Muzammilu ya dawo kansa ya kumbura. Ya yo hayar rumfuna da kujerun roba daga Bagudo, da lasifika, ya buga katin gayyata, ya raba ambulan gida-gida. Da asusun ƙungiya ya ƙare, sai ya sayar da babur ɗinsa ya cika, yana cewa ai taro zai mayar masa.

Ranar taro da hantsi, sai ga Hamma, tsohon makiyayin bayan gari, yana jaye da farin bijimi.

"Ga tamu gudummawa," in ji Hamma. "Mu ma matanmu ga jirgin nan suka ƙetarewa da nono."

"Baffa, nan ba kasuwar shanu ba ce. Manyan baƙi za su zo, ya yi mana kashi a gabansu? Je ka sayar ka kawo kuɗin a ambulan."

"Kasuwa ai sai jibi."

"To, sai jibin."

Hamma ya dube shi ya daɗe, ya juya da bijiminsa.

Bai yi nisa ba sai ga Tasallah, shugabar matan gari, da amalanke biyu na shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, masunta na biye da kwandunan busasshen kifi. Muzammilu ya tare su, ya ce ƙarni zai cika fili.

Tasallah ta ce, "Ɗan nan, ɗiyata na cikin ruwan ga. Shinkafar ga saboda ita muka auna ta, kwano-kwano."

"Na sani, Inna. Amma taro yana da tsari."

"Tsari," in ji ta. Ta ce wa matan su juya.

Bayan azahar Alhaji ya iso, aka yi jawabai. Kujeru fiye da rabi ba kowa, don wanda aka kori kayansa bai dawo ya zauna ba. Aka buɗe ambulan, duka-duka naira dubu tamanin da bakwai. Alhaji ya ƙirga dubu tamanin da bakwai ya ɗora a kai.

Sannan ya ce, "Sakatare, na gamu da amalanken shanshera ga hanya, da wani farin bijimi. Ina za su?"

Wani daga baya ya ba da amsa.

"Ni da mi nika fatauci, in ba shinkafa ba?" in ji Alhaji. "Da an aza su gabana, da na yi musu kuɗin kasuwa na ninka. Da jirginku ya samu."

"Ranka ya daɗe, bari in aika a dawo da su."

"Aika."

Ya aika. Hamma ya riga ya nausa daji da garkensa. Tasallah ta ce a faɗa masa shinkafarta ba ta san tsari ba. Da la'asar ta yi, Alhaji ya tashi ya shiga mota.

Abin da aka tara bai kai kuɗin inji ba, balle jirgi. Ƙusa da kwalta aka saya aka sake liƙe tsohon kwale-kwalen, kuma a cikinsa mata suke ƙetarewa har yanzu, kowace da addu'a a baki.

Shi kuwa Muzammilu, babur ɗinsa ya tafi, ba a mayar masa da ko sisi ba. An karɓe littafin ƙungiya daga hannunsa. Rugar Hamma ta daina kawo nono gidansa. Tasallah, wadda ta goya shi yana jariri, ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Abin da ya rage masa shi ne ragowar katin gayyata ɗari da sittin, suna nan a ƙarƙashin gadonsa, gara ta fara ci.