'Yar Fari a Ajin Malama Dijatu

Idan ka ji aji biyu na ƙaramar sakandaren nan ya kaure da bugun benci, kada ka ɗauka faɗa ne ya ɓarke. Malama Dijatu ce ta shiga koyar da waƙar Turanci. Tafin hannu yana sauka a kan katako, baki yana bin layi, ƙafa tana taya hannu. Ita kuwa tana tsakiyar aji, gefen mayafinta ya yi fari fat da alli, tana kaɗa yatsa sama da ƙasa.

"A'a, Najmuddeen! Ka buga a inda kalmar ta yi nauyi, ba inda ranka ya so ba. Waƙa muke yi, ba dakan fura ba."

Ajin ya kwashe da dariya, Najmuddeen ma ya taya su, aka koma farkon baiti.

Malamin lissafi da ke maƙwabtaka da su ya kai ƙara ofis har ya gaji. Shugabar makaranta, Hajiya Ya Gana, kullum amsarta ɗaya ce: a bar mata Dijatu. Tana da hujja. Yaran da suka shigo ajin suna tauna kalma ɗaya kamar an ba su tsakuwa, yanzu su ke rige-rigen tashi su karanta shafi. A duk Azare babu malamar da ke tafiya da ƙafar alfahari irin Dijatu idan an taɓo zancen ajinta, kuma ba ta ɓoyewa.

Abin da yaran suka fi ɗoki shi ne ranar Alhamis. A ranar takan zaɓo rubutun wasu daga cikinsu, ta karanta da bakinta ba tare da ta faɗi mai shi ba. Ajin ya yi ta tsefe shi: wane layi ne ya yi daɗi, wanne ne ya yi tuntuɓe, wace kalma ce ta shigo ba a gayyace ta ba. Daga ƙarshe su zaɓi wanda ya fi, sannan Malama ta ɗaga murya ta kira sunan marubucin, ya miƙe a tafa masa. Akwai yaron da aka kira sau ɗaya, ya yi mako guda yana yi wa ƙannensa Turanci a gida.

Amma akwai sunan da ba a taɓa kira ba. A benci na ƙarshe, jikin bango, wata siririyar yarinya ce ke zama, Ihsan. 'Yar farin Malama Dijatu ce.

Dijatu Bafulatana ce ta Disina, kuma a gidansu alkunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Tun da aka yaye Ihsan aka kai ta wurin kakarta, Inna Kaltum, can ta girma. Sai bana babanta ya dawo da ita Azare don karatu, aka rasa inda za a jefa ta sai ajin uwarta, domin malamar Turancin aji biyu ɗaya ce. A gida Dijatu takan ce "ke", ko "'yar Inna". A makaranta kuwa ta miƙa wa monita kiran rajista, ta ce muryarta take tattali. Idan ta yi tambaya, hannun Ihsan ne ke fara tashi, idon Dijatu kuma sai ya bi ta kansa ya wuce kamar babu kowa a wurin. Takardar yarinyar takan sha makinta daidai, babu ƙwange, sannan ta koma can ƙasan tarin.

Wata Litinin Hajiya Ya Gana ta kira ta ofis.

"Malama, an shirya gasar waƙar Turanci tsakanin ƙananan sakandaren ƙasar Katagum. Kowace makaranta ɗalibi ɗaya, da waƙar da ya rubuta da hannunsa. Daga ajinki zai fito. Ina son suna kafin a tashi ranar Juma'a."

"An gama, Hajiya. Ajin ne zai zaɓa ranar Alhamis, yadda muka saba."

Hajiya ta dube ta ta saman tabarau. "Duk ajin za a sa a faifai, ko ban da na jikin bango?"

Dijatu ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Hajiya ta yi murmushi, ta ce, "Ku Fulani dai Allah ya shirye ku. Jeki."

A ranar ta ba su aikin: kowa ya rubuta waƙa a kan wani sauti na gidansu. "Ban ce ku rubuta mini dusar ƙanƙara ba, ba ku taɓa ganinta ba," in ji ta. "Ku rufe ido, ku buɗe kunne. Abin da kuka ji, shi nake so."

Washegari ta zauna a ofishin malamai da jar biro tana dubawa. An kawo mata kukan zakara har ya ishe ta. An kawo kiran salla, an kawo tarin kakan wani. Najmuddeen ya rubuta injin markaɗen babarsa, yadda yake tari kafin ya tashi, kuma waƙar ta yi kyau ƙwarai, har ta yi mata alama a gefe. Sai ta iso kan rubutun hannun da ta sani.

Ihsan ta rubuta gorar da Inna ke kaɗa nono a ciki don fitar da man shanu. Layukan farko dogaye ne, suna zuwa suna komawa yadda nono ke bugun cikin gora. Da aka yi nisa sai suka fara gajarta, sautin yana kauri, man yana haɗuwa. Baitin ƙarshe kalmomi kaɗan ne: tsohuwar ta tsaya, ta kasa kunne, ta san ya yi ba tare da ta buɗe ba.

Dijatu ta ajiye biro. Ba ta san lokacin da yatsunta suka fara buga tebur suna bin layukan ba, kuma ko sau ɗaya ba su yi tuntuɓe ba. Sautin nan ta san shi, da shi ta tashi. Shekara da shekaru tana koyar da yadda ake sa kalma ta yi tafiyar abin da take faɗa, yau ga yarinya ta yi shi cikin Turanci mai sauƙi, babu ƙaƙale. Alfahari ya cika mata ƙirji har ya yi mata zafi. Ta waiga ta tabbatar babu mai kallonta, ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta ɗaga tarin takardun, ta tura wannan ƙarƙashi, inda ta saba.

Ta ce wa kanta, na Najmuddeen ma ba zai ba su kunya ba. Kuma me za a ce a gari? A ce Malama ta tsallake 'ya'yan mutane ta tura tata?

Ranar Laraba bayan la'asar tana kicin tana tankaɗe, ta ji Ihsan a tsakar gida tana waya da kakarta. Kunnen Inna ya yi nauyi, dole a ɗaga mata murya, don haka babu abin da ya wuce Dijatu.

"Inna, idan an yi hutu ki ce wa Baba ya mayar da ni makarantar Disina... A'a, ba a dukana. Babu mai yi mini komai. Ni dai na gaji da ɗaga hannu." Ta saurari amsar kakarta. "Na rubuta miki waƙar gorarki ma. Ita ce ta ƙarshe, daga yau sai dai abin jarrabawa. Ina jin ban iya ba ne, Inna. Da na iya, da an taɓa karantawa."

Rariyar ta tsaya a hannun Dijatu. Fushi ta yi tsammani, da shi za ta iya zama. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa yarinyar ta ɗauka rashin iyawa ne ba.

Ihsan ta leƙo, ta durƙusa, ta miƙo wayar da hannu biyu. "Adda, Inna na magana." Haka take kiran uwarta, kamar wata yayarta.

Suka gaisa da Fulatanci, aka tambayi shanu, aka tambayi ƙafar Inna. Sannan tsohuwar ta shiga magana ba kwana-kwana.

"Dija, me kike yi wa yarinyar nan?"

"Ba na yi mata komai, Inna."

"Shi ne ai na ji."

"To ya zan yi? Ke kika koya mini. So kike a ce ba ni da kunya?"

"Na koya miki ki riƙe bakinki, ban koya miki ki riƙe rabon mutum ba. Babban yayanku, har yau sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Amma je ki tambaye shi, ko akwai ranar da ake zuba nono na tsallake ƙwaryarsa."

Dijatu ta rage murya. "Inna, idan na karanta nata, ita za su zaɓa. Wanda aka zaɓa kuwa da bakina nake kiran sunansa. Haka nake yi wa kowa."

Can Inna ta ce, "Wannan kuma aikinku ne na boko. Ni ban shiga aji ba." Ta koma zancen tsadar dusa.

Ranar Alhamis ajin ya cika maƙil, har marasa lafiya sun warke. Hajiya Ya Gana ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, wai wucewa take yi. Malama Dijatu ta fara da waƙar kiran salla, aka yaba, aka ce baiti na biyu ya yi tsawo. Ta karanta ta injin markaɗe, ajin ya yi ta dariya a wurin tarin injin, Najmuddeen yana ta washe baki duk da cewa ba a faɗi mai ita ba. Sannan ta zaro takarda daga ƙasan tarin.

Ta karanta a hankali, yadda waƙar ta nema. Ba ta ce kowa ya buga benci ba, amma kafin ta kai tsakiya hannuwa sun fara sauka da kansu, a sannu, suna gaba suna baya. Da layukan suka gajarta bugun ya yi kauri. A baitin ƙarshe kowa ya tsaya cak tare da tsohuwar.

Wata yarinya a gaba ta ce, "Wallahi Malama, na ji ƙamshin man."

"Me ya sa layukan suka gajarta?" in ji Malama.

Hannuwa suka tashi ko'ina, ban da jikin bango. Najmuddeen bai jira a nuna shi ba. "Saboda nonon ya daina gudu, Malama. Kaurinsa ne ya hana layin tsawo." Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ta fi ta injin. Wanda ya yi ta injin ma ya sani."

Aka sake dariya. Da ta ce a zaɓa, ba a ma bukaci ƙirga hannu ba.

"Wa ya rubuta, Malama?"

"Malama, a faɗa mana!"

Tana iya miƙa wa monita takardar ya karanta sunan. Tana iya nuni da yatsa. Ta duba duka hanyoyin, ta ga kowacce wani ƙwangen ne za ta sake yi wa yarinyar a gaban aji. Ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga ƙafa, irin wadda ba ta ji ba tun ranar da aka kai ta ɗakin miji. Amma abin da ke ƙirjinta ya fi kunyar ƙarfi. Ta ɗaga kai, ta dubi benci na ƙarshe kai tsaye.

"Ihsan."

Yarinyar ta waiwaya bayanta don ta ga wadda ake kira. Babu kowa a bayanta sai bango. Ta juyo a hankali, ta ɗora yatsa a ƙirjinta, tana kallon Malama.

"Ihsan," in ji Malama Dijatu, wannan karon da muryar da take kiran kowa. "Ke za ki tafi mana gasar, Katagum ta ji. Miƙe."

Ihsan ta dafa benci ta miƙe. Tafin ya yi yawa har malamin lissafi ya leƙo ta taga zai yi magana, ya tarar da shugabar makaranta tana tafi, ya koma.