Birgi da Haƙoran Ƙasa

A gidanmu da haƙori ake jefa birgi, ragar kamun kifi. Ka naɗa igiya a hannun hagu, ka tattaro ragar, ka ɗauki igiyar gefen da dalma take ka ciza da haƙoran gaba, sauran ka raba a hannun dama. In ka murɗa jiki ka saki, bakinka ne ƙarshen buɗewa. Haka Kawu Gambo, ƙanen mahaifiyata, ya koya mini da na gama sakandare na dawo Guri ba aikin yi.

Shekara uku ina yi lafiya. A ta huɗu na fara ganin jini a igiya. Daga baya bakina ya soma wari, har Kolo, ɗan Kawu, in muna cikin kwale-kwale sai ya ce, "Mannan, don Allah juya ka yi wa kifi magana, ko sa mutu mu huta da jifa." Ban kula shi ba. Ranar da na taɓa haƙoran ƙasa da harshe na ji guda huɗu suna motsi, washegari na hau mota zuwa Hadeja.

Likitar haƙorin sunanta Dibora, 'yar Filato ce, gajeriya, ba ta da yawan dariya. Ta sa wani siririn ƙarfe mai zane-zane tsakanin dasashina da haƙori, tana faɗa wa nas lamba. Bakwai. Takwas. Bakwai. Tara. Ta aika aka ɗau hoto, ta duba.

"Shekarunka nawa?"

"Ashirin da uku."

"Bakin ya girme ka." Ta jawo takarda ta zana haƙori da saiwarsa. "Nan akwai rami tsakanin dasashi da haƙori. Zurfin na mai lafiya ba ya wuce lamba uku. Akwai ƙwayoyin cuta da ba sa son iska, irin wannan ramin suke nema. Sun zauna, suna sa ƙashin da ya riƙe haƙorin yana zaizayewa. Asuwaki ba ya kaiwa can, burushi ma haka."

"A cire su ke nan?"

"Haƙoran ko ƙwayoyin?"

"Duk wanda ya fi sauƙi."

"Haƙoran sun fi sauƙi. Amma ni ƙwayoyin nake so."

Ta fara da wankewa sau biyu, mako uku tsakani. Ramukan ba su ragu yadda take so ba, sai ta ce aiki za a yi. Ranar aikin ta yi mini allura baki ya mutu. Ta tsaga dasashin ta ɗaga shi, ta kankare abin da ya daskare a saiwa. Ban ji zafi ba, ƙarar kankarar kawai nake ji a cikin kaina. Ta mayar ta ɗinke da baƙin zare.

"Yanzu mun rage su ƙwarai," in ji ta. "Ba mu ƙarar da su ba, ba a ƙarar da su. In wurin ya warke ya matse, ba su da gidan komawa. In ya buɗe, sun dawo. Ban da rake, ban da goro, ban da nama mai tauri. Kada burushi ya taɓa ɗinkin. Wannan maganin ka kuskure safe da yamma. Kwana goma ka dawo."

Na ce to. Ba ta ambaci birgi ba, don ba ta san da shi ba. Ni ma ban ambata ba. A wurina abin da ake sa wa a baki abinci ne. Birgi kuwa aiki ne.

Kwana uku na zauna ina shan kunu. Lokacin ruwa yana janyewa daga fadama, kifi ya taru a tafkunan da suka rage bayan ciyawar kacala, waɗannan makonnin ne masunci yake jira duk shekara. Ran na huɗu Kawu ya leƙo.

"Kai ɗan nan, haihuwa ka yi ne da za ka yi arba'in?"

Na ɗauki birgina na bi su.

Ban yi tunani ba. Hannu ya tattara raga, baki ya buɗe da kansa, igiya ta shiga inda ta saba, da ruwanta da laka. Jifa na farko karfasa tara. Na biyu, na uku. A na biyar dalmar ta fizga kafin in saki, na ji wani abu ya tsinke. Na tofar, ja. Na kuskure da ruwan tafkin na ci gaba har azahar.

Bayan kwana biyu haɓata ta kumbura, leɓe ya yi nauyi, warin ya dawo fiye da da.

Na koma Hadeja, Likita Dibora ta duba.

"Ɗinki biyu sun tafi. Akwai ruwa a ciki. Me ka ci?"

"Kunu."

"Malam Abdulmannan, kunu ba ya tsinka zare. Me ka ciza?"

"Ban ciji komai ba. Aiki kawai na je."

"Wane aiki? Nuna mini."

Na tashi. Na ɗauki igiyar labulen tagarta, na naɗa a hannu, na kai baki. Ta riƙe hannuna kafin ta shiga.

"Sau nawa a rana?"

"In da kifi, ɗari. Ko fiye."

"Da dalma a jiki."

"Da dalma."

Ta koma ta zauna. "Da na tambaya. Ban taɓa ganin ana yi ba, a garinmu duwatsu ne." Ta sa safar hannu. "Ba igiyar ta kawo maka ciwon ba, amma ita take girgiza abin da ciwon ya bari. Na hagun nan ba zai tsaya ba, ƙashinsa ya ƙare. Ukun za su iya. Sai dai igiya ba za ta sake shiga bakin nan ba."

"Har yaushe?"

"Ban ce har yaushe ba."

Ta wanke wurin, ta ba ni ƙwayoyi na kwana bakwai. Bayan mako biyu ta cire na hagun, ta sake gyara sauran.

Da na gaya wa Kawu, dariya ya yi. Ya buɗe baki ya nuna mini. Gaba duk babu, sama da ƙasa.

"Ka ga nawa? Tun ina ɗan arba'in suka tafi. Na koma cizo da na gefe. Wa ya fi ni kifi a garin nan?"

"Ba kowa, Kawu."

"To haƙori ake ci ko kifi?"

"Da haƙori ake cin kifin."

"Ji mini ɗan boko." Ya ci gaba da ɗinkin ragarsa. "Ubanka ma haka ya yi, bai mutu da wannan ba."

Nawa na gefe ma likita ta ce akwai ramuka a cikinsu, ba su kai na gaba ba ne kawai.

Na taɓa ganin wasu baƙin masunta a kasuwar kifi ta Hadeja suna gwada sabon birgi, su a kafaɗa suke ɗora gefen, ba a baki ba. Ban san yadda suke raba ragar ba. Na fara gwadawa a gonar shinkafar da aka girbe bayan gidanmu, a busasshiyar ƙasa. In ɗora a kafaɗa, ya zame kafin in juya. In matse da haɓa, dalma ta buge ni a ƙeya. In ya tafi kuma sai ya faɗi a dunƙule kamar jiƙaƙƙen zane.

Matsalar ba hannu ba ce, baki ne. Duk sanda na tattara raga sai ya buɗe. Sau biyu na tsinci igiyar a leɓena. Daga nan na riƙa ɗaure baki da rawani in zan yi.

Kolo ya zo ya zauna a kan kunyar gonar yana cin rake.

"Me ka kama yau, fara ko ɓera?"

"Tashi."

"A'a, jira nake in ga wanda zai yi wa kwaɗi fashi. Ka rufe fuska ka zo da raga."

Ya tara mini mutane. Mata masu dawowa daga ɗiban ruwa suna tsayawa. Na bar su. Kullum bayan asuba jifa hamsin, da la'asar hamsin. In na gama in goge baki da burushi mai laushi, in bi tsakanin haƙora da ɗan ƙaramin burushin da likita ta ba ni, in kuskure. Su Kawu suna dawowa da kwanduna cike, ni ina gona. Makonnin kifin suka wuce a haka.

A rana ta goma sha tara na gane kuskuren. Ina ɗora gefen a kan kafaɗa ne, ashe a gwiwar hannu ya kamata ya rataya, a ɗaga ta sama, sai juyin jiki ya sauke shi da kansa. Na jefa. Ya buɗe, ba duka ba, kamar biyu cikin uku, gefe ɗaya a lanƙwashe.

Kawu yana tsaye a bakin danga, ban san ya zo ba.

"Wannan rabin birgi ne," in ji shi.

"Ya fi rabi."

"Ƙafarka ta dama tana makara. Ka sa ta gaba tun kafin ka murɗa." Ya juya ya tafi.

Wata uku bayan aikin na koma Hadeja. Ƙarfen ya sake shiga. Huɗu. Huɗu. Biyar. Ba jini. Ta kama kowanne ta girgiza, ɗaya ne ya ɗan motsa.

"Ƙashin da ya tafi ba zai dawo ba," in ji ta. "Amma ya daina tafiya. Duk wata uku ka zo in wanke, don suna taruwa a hankali. In ka yi fashi, ka san sauran. Igiya fa?"

"Tun ranar ba ta shiga ba."

"Kifin?"

"Ya ragu."

"Da yawa?"

"In Kolo ya kama goma, ni shida."

Ta rubuta ranar dawowa a kati ta miƙo mini, na sa a aljihu. Na fita na nufi tasha, don in na samu motar sha biyu zan riski jifan la'asar.