Baƙuwar Talata Ta Zo Laraba

Akwai laifin da ba a kai mai shi gaban alƙali, amma ya fi sata ɗaci, shi ne mutum ya ji kunyar tukunyar da ta ciyar da shi. Wannan ne laifin Kwansa, ɗan Maame Araba ta Anwiakrom, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, ba ragi ba ƙari. Wanda ya ji ya gyara, ya yi wa kansa.

Kwansa ya yi 'yan shekaru a Akra yana yi wa wasu dillalan filaye aike. Da ya dawo gida bai zo da komai ba sai farar riga, da takalmi mai tsini, da Turancin da ya ishe shi sayar da ƙasa. Ya kuwa dawo a kan gaɓa, don a shekarar ce kwalta ta iso mana, mutanen birni suka fara saukowa neman fegi a bakin teku. Kafin ka ce kwabo, ya zama shi ne mai zagayawa da baƙi.

Amma farar rigar ta rana ɗaya ce a sati. Sauran kwanaki yana kan igiyar tarun kawunsa Esuman, kuma ba ƙaramin wuri yake riƙe ba. Shi ne mai kan igiya, wato na ƙarshen layi, mai naɗe ta a gindin kwakwa yana tattare abin da jama'a suka jawo. Ba a ba kowa wannan wuri sai wanda zai gaji taru. Mu a nan ɗan 'yar'uwa ke gadon kawu, don haka kowa ya san kwalekwalen Esuman da tarunsa hannun Kwansa za su faɗa, ba hannun Ebo ba, ɗan ƙanwar Maame Araba, wanda ke can tsakiyar layi ruwa na dukan ƙirjinsa.

Dabarar Kwansa guda ce: ba ya kawo baƙo sai Talata. Ranar Talata teku hutawa yake. Ba a tura kwalekwale, ba a jan taru, ba a hura murhun banda. Maza na gindin inuwa suna ɗinkin koma, mata sun tafi kasuwa, ruwa ya wanke rairayi tas. Baƙo ko da ido makaho ne. Sai Kwansa ya sa shi gaba yana zuba.

"Ka ji shirun nan? Haka yake kullum. Ga kwakwa, ga iska, ga rijiya mai daɗin ruwa bayan coci. Wutar lantarki na hanya. Asibiti ba nisa, mota ɗaya ce. Mutanen garin ba ruwansu da kowa."

In baƙo ya nuna kwalekwalen da ke jere ya tambaya, sai ya yarfa hannu. "Kayan da ne. Su ya mutu a garin nan, samari duk sun tafi birni. An bar su ne don masu ɗaukar hoto."

A cikin masu zuwa akwai Madam Boatemaa, mutuniyar Kumasi. Ta yi aikin jinya a ƙasar waje har ta yi furfura, ta dawo tana neman inda za ta gina ɗan gida ta huta da hayaniya. Ita 'yar tudu ce, ba ta san halin teku ba balle ranar hutunsa. Idonta ya faɗa kan filin dangin su Kwansa, wanda ke daf da kwakwar da ake ɗaure igiya.

Filin ba ya bayuwa sai da yardar Esuman, shi ne babban dangi. Kwansa ya same shi yana shafa wa kwalekwale kwalta.

"Kawu, matar nan da gaske take."

"Na ji. In za ta zauna da mu, ƙasa ba ta ƙi baƙo ba. Amma ka gaya mata igiya ta nan take bi. Ka gaya mata hayaƙin uwarka nan yake sauka in iska ta juya."

"Zan gaya mata."

Esuman ya ɗago ya dube shi. "Me ya sa baƙinka ba sa zuwa sai Talata?"

"Ranar ce nake da sarari, Kawu."

"To. Ka dai sani kifi na ganinka, mai jar koma."

Talatar da Madam ta dawo ganin iyaka, Kwansa ya goge farar rigarsa har tana ɗaukar ido. Suka kafa turaku huɗu a rairayi. Ta yaba hankalinsa, ta ce da ganinsa ɗan babban gida ne. Maganar ta yi masa daɗi har ya ƙara mata gishiri, ya ce ai mahaifiyarsa babbar 'yar kasuwa ce a Takoradi, atamfa take sarowa.

Ƙarya ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja ƙanwarta. Hanyar komawa mota ta bayan murahun banda take, shi kuma ya ɗauka uwarsa ta tafi kasuwa. Ashe ciwon ƙafa ya hana ta. Ga ta zaune a kan kututture tana kankare ragar banda, zanenta ya yi baƙi da hayaƙi, idanunta jajaye kamar na kowace mai banda, ɓawon kifi ya manne mata a damtse. Ta ɗago kai.

"Kwansa, ka ci abinci kuwa? Akwai dokunu a rufe."

Bakinmu da na mutanen Kumasi ba su da nisa, Madam ta ji. Ta tsaya ta gaida tsohuwar, sannan ta juyo gare shi. "Wace ce?"

Kwansa ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Ya dubi zanen, ya dubi takalmin Madam. Sai ya juya harshe zuwa Turanci, don ya san uwarsa ba ta ji.

"Wata tsohuwa ce. Ita kaɗai ta rage mai wannan sana'a, ita ma ta kusa bari. Ba ta da kowa. Nakan ɗan leƙa ta, shi ya sa ta ɗauke ni kamar ɗa."

"Allah sarki," in ji Madam. "Allah ya saka maka."

Maame Araba ta yi murmushi, don ta ga baƙuwa na sa wa ɗanta albarka.

Da yamma ya ci dokunun nan, tuwon masararmu mai tsami, da soyayyen kifi. Ya ce wa ransa magana ce ta kasuwa, iska ta kwashe ta. Ya mance magana zarar bunu ce. Abin da ya tuna kawai shi ne ya ja wa Madam kunne, in za ta zo ta zo Talata, wai sauran ranaku hanya ba ta da kyau.

Mai motar da zai kawo wa Madam bulon gini bai san da wannan ba. Ya ce shi Laraba yake da sarari, Madam kuwa ba ta ga abin damuwa ba.

Larabar nan taru ya yi nauyi irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Garin kaf ya fito. Maza da mata sun jeru a kan igiya tun daga cikin ruwa har gindin kwakwa, ana waƙa ana ja da baya, ƙafafu na nutsewa a rairayi. Mata masu banda sun jere kwanoni suna faɗa a kan layi. An riga an hura murahu, hayaƙi ya kwanta a kan gari, ƙarni ya cika iska. Turakun Madam kuwa, biyu an tattake su, ɗaya wata ta rataya masa kwando.

Kwansa na gindin kwakwa, daga shi sai yagaggen gajeren wando da tsohuwar hula, igiya naɗe a hannunsa. Ya ji kukan babbar mota. Ya waiga, ya ga bulo. Ya ga Madam tana saukowa, direba na bin ta da buhun shinkafa a ka, ita kuma ta rungumo turmin atamfa.

Da wani wuri yake riƙe, da ya sulale cikin kwakwa. Amma mai kan igiya ba ya saki. In ya saki, ruwa ya janye taru, wahalar gari duka ta koma teku. Sai ya ja hula ya rufe fuska, ya sunkuya.

Ebo ya hango daga layi, ya ɗaga murya. "Dillali, baƙuwarka ta ɓata lissafi. Ko a aika a ɗauko maka farar rigar?"

Aka yi dariya, ba a fasa ja ba.

Madam ta tsaya ta daɗe tana kallon jama'a, tana kallon inda turakunta suke. Ta wuce ta gaban Kwansa har gefen zanenta ya taɓa igiya, ba ta gane shi ba. Can ta hango fuskar da ta sani. Maame Araba na tsaye da kwanonta, kusa da wanta Esuman da ke ba da umarni. Madam ta nufe ta, ta sa aka sauke buhu a gabanta, ta miƙa atamfar da hannu biyu. Ta yi magana da bakin Kumasi, a fili, yadda kowa zai ji.

"Maame, ga ɗan abin da na zo miki da shi. Tun ranar nan kike raina. Ni ma na san zaman kaɗaici. Tunda an ce ba ki da kowa, in na tare ki ɗauke ni 'ya."

Matan da ke kusa suka dubi juna. Maganar ta bi layi kamar wuta a busasshiyar ciyawa, har waƙar ta mutu.

"Wa ya ce ba ta da kowa?" in ji Esuman.

"Yaron da ya nuna mini fili, Kwansa. Shi ke taimakonta, ai. Uwarsa na Takoradi." Ta dubi taron, muryarta ta canja. "Shi ne kuma ya ce mini su ya mutu a garin nan, kwalekwalen na hoto ne. To waɗannan duka daga ina suka fito?"

"Daga hoton muka fito, Madam," in ji Ebo. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Ina yake? A kira mini shi."

Ba wanda ya nuna shi da yatsa. Kai kawai aka juya, gari guda, zuwa gindin kwakwa. Kwansa ya ji idanu a bayansa kamar garwashi. Ya so ƙasa ta tsage, amma rairayi ba ya tsagewa, nutsewa kawai ƙafa ke yi. Igiya na cin tafinsa, bai isa ya saki ba, bai isa ya ɗago ba.

Madam ta dube shi, ta dubi tsohuwar. Goshi iri ɗaya, haɓa iri ɗaya. Ta kai hannu baki.

"Maame, ɗanki ne?"

Maame Araba ba ta dubi gindin kwakwa ba. Ta goge hannuwanta a baƙin zanenta, ta karɓi atamfar, ta shafa ta.

"Wanda ya gaya miki ya fi ni sani, 'yata. Shi ya yi boko. Na gode, Allah ya ƙara arziki."

Ta ɗora atamfar a ka, ta ɗauki kwanonta ta koma layi.

Esuman bai ɗaga murya ba. Ya ce a ci gaba da ja, kifi ba ya jiran shari'a. Sai da taru ya hau tudu, kifi na tsalle a rairayi, sannan ya taka zuwa gindin kwakwa. Ya warware igiyar daga hannun Kwansa a hankali, kamar mai karɓar wuƙa a hannun yaro.

"Kawu, bari in yi bayani."

"Ka yi wa baƙi, mun ji. Ni gadona ta wajen 'yar'uwata yake bi. Tunda ka ce ba ta haifa ba, ban ga ta inda zai iso gare ka ba." Ya waiga. "Ebo, zo ka naɗe."

Aka raba kifi, aka ba Kwansa kasonsa daidai, ba a rage masa ko ɗaya ba. Wannan ya fi masa ciwo a kan a hana shi. Ya tsaya da kifin a hannu, ya rasa murhun da zai kai. Kullum na uwarsa yake kaiwa.

Madam ta sa aka juya da bulo. Amma ba ta tafi nan take ba. Ta zauna a kan kututturen nan, hayaƙi na sa ta hawaye, ta ci kifi mai zafi daga raga. Daga baya ta yi magana da Esuman baki da baki, ya ba ta wuri a bayan coci inda igiya ba ta bi. Yanzu haka gidanta na nan, kuma ita ke sa wa Maame Araba maganin ido.

Uwa ba ta kori ɗanta ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da yamma ta dafa shinkafar, ta zuba masa, ta tura kwanon gabansa.

"Ci. Ta marar kowa ce, ba mai yi maka rowa."

Ya durƙusa ya kama ƙafarta. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya tashi kada abinci ya huce. Atamfar kuwa ta kai aka ɗinka, ita take sawa zuwa coci duk Lahadi, tana zama a gaba. In an tambaye ta inda ta samu, sai ta ce ɗanta ne ya yi mata hanya.

To ga abin da Kwansa ya rasa, a ƙirga. Ya rasa la'adar fili. Ya rasa baƙi, don labari ya riga shi isa tasha, direbobi na ce wa duk mai neman fegi ya zo Laraba. Ya rasa kan igiya, ya koma tsakiyar layi inda ruwa ke dukan ƙirji. Ya rasa kwalekwale da taru, suna hannun Ebo tun Esuman na da rai. Ya rasa sunan da aka raɗa masa, yara da manya Ɗan Takoradi suke kiransa. Uwarsa tana ba shi abinci har gobe, amma tun daga ranar ba ta sake tambayarsa ko ya ci ba.