Sunan Ɗan Fari a Taswira

Da yaƙi ya watsa ƙauyukan Jazira a ƙasar Sudan, mu matasan garin Suki muka buɗe taswira a intanet don neman waɗanda suka ɓace. Manhajar ta kowa ce, wanda ya iya ya ɗauka ya gyara. Jan ɗigo na nufin ana neman mutum, kore kuma an gan shi da rai. Ni Sabah aka ba kwamfuta a makarantar da 'yan gudun hijira suka sauka, wai don ina jin Hausa. Hausar tawa kuwa rabinta Larabci ce.

Da hantsi wata tsohuwa, Inna Yalwa, ta zauna gabana. Ita kaɗai ta iso daga wani ƙauye kusa da Managil, ba wanda ya san ta.

"Wa kike nema, Inna?"

"Wancan yaron."

"Wane yaro? Mi ne ne sunansa?"

"Dogo ne, yana da tabo a goshi. A bakin gada muka rabu."

"Inna, taswira ba ta san tabo ba, suna take so."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ga layi har bakin ƙofa, ga batir na shirin mutuwa. Raina ya ɓaci, ni kuwa bakina ba shi da linzami.

"Haba Inna! Wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba?"

Wata mata a layi ta riƙe baki. "Ke, ba ki da kunya? Daga gani ɗan farinta ne! A gidanku uwa na kiran sunan ɗan fari?"

Wayyo ni. Sai a lokacin na tuna ban taɓa jin kakata ta kira sunan babana ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

"Ki yafe mini, Inna. Bari mu nemi wata hanya."

"Ba wata hanya, ɗiyata."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka, ta matso har ina jin numfashinta a kunnena. Ta soma magana, ta fasa. Ta sake.

"Mahadi. Mahadi Bilyamin."

Na rubuta. Taswira ta zame ta tsaya a Makwar, gefen madatsar ruwa. Ɗigo kore. Wani ɗan sa-kai a can ya rubuta cewa yana da rai, yana neman uwarsa.

"Inna, ga shi! Wallahi yana nan da ransa!"

Na zaci za ta yi guɗa. Ina! Kafaɗunta kawai ke rawa cikin mayafi. Da ta miƙe, ta kama hannuna ta matse.

"In kun yi magana da shi," ta ce, "kada ki gaya masa na faɗa."