Ranar da Gwamna Bai Gudu Ba

Ungulaye ne suka fara sanar da mutanen kudancin jihar Ohio cewa daji ba lafiya. An yi fari, ƙananan ƙwarin taɓo suka yi ta cizon bareyi suna sa musu cuta mai zafin zazzaɓi. Duk wadda ta kamu sai ta nufi ruwa, a nan ake tsintar gawarta.

Tsoho Wendell hankalinsa na kan Gwamna, wani namijin barewa mai ƙaho rassa-rassa. Shekara da shekaru Gwamna na shiga bakin bindigarsa, shi kuwa sai ya sauke ta, wai a bar shi ya ƙara girma. Bana hannun Wendell ya fara rawa, likita ya ce wannan ce farautarsa ta ƙarshe. Burinsa ɗaya, Gwamna ya kai lokacin buɗe farauta da ƙafafunsa, su gwada wayo.

"Tsoho, ka daɗe kana dafa dutsen nan," in ji matarsa Loretta. "Yaushe za mu sha romon?"

"Ke dai ki wasa wuƙa."

Da hantsi ya gangara rafin bayan gonarsa, ya tarar da Gwamna tsaye cikin ruwa, kai a sunkuye, harshe ya kumbura ya zazzago. Dabbar da ƙarar karan ciyawa kan sa ta ɓace, yau ga mutum a gabanta, ko kunne ba ta kaɗa ba.

Wendell ya tafa hannu. "Tashi mana, Gwamna. Gudu."

Ya jefa dutse a ruwan. Gwamna ya dube shi kawai. Tsohon ya zauna a bakin rafin ya yi kuka. Sannan ya kira jami'in daji ya nemi izinin harbe shi don ya huta, ya koma gida ya ɗauko bindiga. A kusancin nan ko hannu mai rawa ba ya kuskure.

Loretta ta ji ƙarar harbin daga ɗakin girki. Da ya shigo ba ta tsokane shi ba, ta zuba masa kofi, ta daɗe tana kallonsa.

"Ƙahon fa? In kira mai busar da kan dabba don ado, a rataye maka shi a falo?"

Ya riƙe kofin da hannu biyu don kada ya zube.

"Bar masa abinsa, Loretta. Ai ban farauce shi ba."