Ranar da Maigidana Bai Yi Dariya Ba

Ƙanina tela ne, kuma shi ke ba mu dariya a gidan. Shi ya sa da maganarsa ta fara warwatsewa muka ɗauka sabon wasa ne. Na tambaye shi ɗinkina, ya ce, "Yaya, allura ta tafi, taga tana kallona, takalmi ma ruwa ne." Muka yi ta ƙyaƙyatawa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai yi dariya ba. Ya ce mini, "Ke, dubi fuskarsa. In wasa yake, yakan jira dariyarmu. Yau ko jin mu bai yi ba."

Washegari ya kai shi asibiti. Likita ya ce ciwo ne mai tsinka tunani, kuma an zo da wuri. Aka ɗora shi kan magani.

Bayan wata biyar ya koma kan kekensa. Maigidana ne ya fara ɗinka wa riga, sai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Maigidana ya ce, "Kai, ciwon ne ya dawo?"

"A'a, mijin Yaya, kai ne a karkace."

Rigar nan maigidana ya fi sawa har ya bar duniya.